Rigar da Ta Je Teku Ta Bar Ni

Bari in faɗa tun da wuri kafin wani ya faɗa mini: wawan da ke cikin labarin nan ni ne. Na faɗa da bakina ne don in an zo wurin dariya a san da izinina ake yin ta. Karatuna kuma bai yi nisa ba. Ina aji uku malaminmu ya kira babana ya ce masa kan yaron nan mai kyau ne, amma don ɗaukar kaya. Duk wanda ya ga gyara a rubutuna ya je ya tuhumi malamin, in ya san inda aka binne shi.

A unguwar Mansur da ke Makka aka haife ni, a cikin sandaka, irin ɗakunan nan da iyayenmu Takari, wato mutanen ƙasashenmu da suka zo suka zauna, ke haɗawa da katako da gwangwanin kananzir da aka fasa aka daddale. Shekarun alif ɗari tara da sittin da 'yan kai nake magana, lokacin da ake ta rushe gidajen da ke kewaye da Harami ana faɗaɗa shi. Kakata Tabawa, wadda ta haifi babana, ita ke suyar ƙosai da gyaɗa a ƙofar gidanmu. Da an yi magariba ciniki ya lafa, sai ta sauke kasko, garwashi ya rage, mu jikoki da 'ya'yan maƙwabta mu kewaye murhun. Wanda ya ce ba a sanyi a Makka bai taɓa kwana cikin gwangwani ba.

Zaman nan yana da doka. Mai iza wuta shi ke zama a damar Kaka, jikinsa na taɓa nata. Shi ake ba guntattakin ƙosai na ƙasan kwando, shi kuma ke amsa buɗin tatsuniya. Wannan muƙami yana hannun Rakiya, 'yar gwaggona, taubashiyata, wadda ta girme ni da 'yan watanni amma take kallona kamar ita ta yaye ni. Ni fa Kaka ke kira Ango. "Angona ya dawo?" "Angona ya ci abinci?" Ango a baki ke nan. In an zo zama, angon yana can ɓangaren da hayaƙi ke bi, kusa da akuya. Akuyar ma wani lokaci Kaka kan miƙa mata ɓawon gyaɗa ta shafa kanta. Ni ba a shafa nawa sai in za a duba ƙwarƙwata.

Dalilin fifikon, in ji Kaka, Rakiya ta san darajar itace. A Makka itace ba abin wasa ba ne. Cikin hurumin Harami ba a sarar bishiya, ko ƙaya ba a karyawa, sai abin da aka kawo daga nesa a kan raƙuma. Rakiya kan tura sanda ɗaya a hankali kamar mai lallashin jariri, ta kai mu ƙarshen tatsuniya. Ni ranar da aka taɓa gwada ni, na zuba duk abin da ke gabana a tashi ɗaya, wuta ta kusa lashe mayafin Kaka. Ta ce, "Ya walad, kai yaro, tatsuniya za mu yi, ba gashin raƙumi ba. Koma wurin akuyarka."

"Ga ta nan ta taho daga nesa, ƙafarta duk ƙura," haka Kaka ke buɗewa. Rakiya ta ɗaga hanci ta ce, "Ta shigo ta zauna, mu ba ta ruwa." Ni ma na iya faɗar wannan. Har na fi ta murya.

Wadda Kaka ta fi so ita ce ta Mai Ƙafa a Ruwa. Wai a farkon zamani Teku da Tudu maƙwabta ne da ba sa jituwa. Kullum Teku ya zo ya gutsiri gefen Tudu, Tudu ya turo masa yashi ya cika masa baki. Ana nan sai ga wata tsohuwa matafiya, ta gaji. Ta roƙi Tudu wurin zama, ya ce ba shi da wurin baƙo. Ta roƙi Teku, ya ce shi ba ya ajiye mai numfashi. Sai ta tsaya a tsakaninsu, ƙafa ɗaya a ruwa, ɗaya a taɓo, ta ce to nan dai ba na kowa ba ne. Teku ya tura ta, ba ta gusa ba. Ya ɗura mata gishiri, ta shanye ta fitar da shi ta ido. Da ta daɗe a tsaye sai ƙafafunta suka yi saiwa, yatsunta suka ɓullo ta cikin taɓo, ta zama bishiya. Daga ranar, in Teku ya taho da fushi sai ya iske ta, ya ji kunya ya rage gudu. Kifaye suka riƙa kawo mata renon 'ya'yansu. Sai wani attajiri ya zo yana son gidan da zai miƙa hannu ta taga ya taɓa ruwa. Ya sa aka sare tsohuwar aka yi gini. Ranar da ya tare, Teku ya taho kamar yadda ya saba, bai ga kowa a hanya ba, bai kuwa tsaya ba sai a kan gadon attajiri.

"Ƙurunƙus," Kaka kan ce, "kan kifi na mai iza wuta ne." Kun ji fa. Har wurin rufe tatsuniya sai an ba Rakiya wani abu.

Bayan ta rufe takan ce, "Ni na gan ta da idona." Daga ƙasar Kano suka taso a ƙafa ita da kakanmu, suka ratsa Chadi da Sudan, suna tsayawa su yi noma su ci gaba, har aka haifi babana a hanya. A Sawakin, bakin tekun Sudan, suka shiga jirgin ruwa na katako. Mai jirgin, don tsoron masu gadin gaɓa, ya sauke su cikin ruwa iya ƙirji a kudu da Jidda, ya juya abinsa. Babana na goye a bayanta. Ruwa na jan ta, ta miƙa hannu ta kama reshe. Bishiyoyi ne tsaye cikin ruwan gishiri, waɗanda Larabawan wurin ke ce wa shora. A inuwarsu suka wuni har masunta suka tsince su. Tsofaffin Mansur da yawa ta nan suka shigo, suna kiran wurin Masauki. Mu yara mun ɗauka duk cikin tatsuniyar ne. Bishiya a cikin teku? Mu da ba mu san wani ruwa ba bayan na tulu da na Zamzam!

Ni dai ba bishiya ce a gabana ba, damar Kaka ce. Na yi tunani irin na manya: tun da ban iya tattalin itace ba, bari in kawo mai yawan da ba ya buƙatar tattali. Akwai Baba Isiyaka, maƙwabcinmu, yana tuƙa wa wani ɗan kwangila babbar mota. Yakan kwashi ɓaraguzan gini daga Makka ya kai bakin teku, ya dawo da guma-guman itace ya sauke a unguwar Zahir ana sayarwa da araha. Na bi shi har can na wanke masa motar tas, har tayoyi, ya ba ni runguma guda. Na ɗauko a kan nan nawa da malaminmu ya yaba.

Da magariba na dire shi gaban Kaka na ce, "Yau ango zai yi wa amaryarsa hidima."

Ta yi dariya har tana tari. "Tayyib, ya yi. Rakiya, ba maigida wuri."

Jama'a, na zauna a dama. Na ji ɗumin jikin Kaka da ƙamshin man gyaɗa a mayafinta. Rakiya na can kusa da akuya, hayaƙi na shigar mata ido. Tun da nake ban taɓa ganin abin da ya yi mini kyau kamar wannan ba.

Na iza itacena, ya kama yana tartsatsi. Kaka ta ce, "Ga ta nan ta taho daga nesa..." Na cika ƙirji da iska zan amsa, sai na ga ta tsaya tana shaƙar hayaƙin. Ta sa hannu ta zaro guntu ɗaya, ta murje shi a ƙasa ya mutu, ta kai shi kusa da fitila. A jikin ɓawon akwai 'yan ƙananan katantanwa farare a manne. Ta kankare ɓawon da farce ta ɗora a harshe.

"Ina ka samo wannan?" Ba ta ce Ango ba.

"Wurin Baba Isiyaka."

"Yalla, kira mini shi."

Baba Isiyaka ya zo ya durƙusa. "Hajiya, ni tuƙi ne nawa. Mai aikin yana cike bakin ruwan ne, zai yi matsayar jirage da rumbunan kaya. Bishiyoyin sun tare masa hanya."

"Wane bakin ruwan?"

Ya sunkuyar da kai.

"Isiyaka, uwarka da cikinka ta riƙe reshen da ke kusa da nawa. Wane bakin ruwan?"

"Masauki ne, Hajiya."

"Su wa ke saran?"

"Yaranmu ne. Har da Lawal." Lawal kuwa yayan Rakiya ne.

Kaka ta sa aka watsa wa murhun ruwa. Rana ɗaya tak na hau mulki, a ranar aka kashe wutar, ban ko samu na amsa buɗin tatsuniya ba.

Washegari Kaka ba ta yi suya ba. Ta ɗaure guntun itacen a bakin mayafi ta bi gida-gida. Tsofaffi na karɓa su shinshina, su ɗanɗana, wasu su share ido. Ba mu da ƙarfin ja da ɗan kwangila, don wasunmu ko takardar zama ba su da ita, ba mai son ganin ƙofar hukuma. Amma mata masu suya suka ce ba mai ƙara sa itacen nan a murhu, ko kyauta ne. Dattawa suka sa umda, wato mai unguwa, ya aika wa shugaban masuntan can, waɗanda su ma kifi ya fara yi musu nisa. Kaka kuma ta tara mata a tsakar gidanmu ta ce, "Masu gatarin nan mu muka haife su. Kowace ta yago bakin zanenta, wanda ɗanta ya sani. Za mu je mu ɗaura wa bishiyoyin. In ga ɗan da zai ɗaga gatari a kan zanen uwarsa."

Baba Isiyaka, don ya wanke kansa, ya ce shi zai kai su ranar Juma'a. Yaro ɗaya za a ɗauka ya riƙe wa Kaka ƙunshi. Na yi wanka ba a sa ni ba. Na je na ce, "Kaka, ni fa na tono maganar nan."

"Gaskiya ne, Ango. Shi ya sa za ka tsare mini gida da akuya. Ango ba ya yawo."

Rakiya ta haye mota tana yi mini gwalo. Har an tayar da motar, aka ce tsummokaran ba za su isa ba. Kaka ta hango rigata mai ratsin shuɗi a kan igiya, ta fizge ta. "Wannan ma ta zo, ta je ta ba da haƙuri a madadin mai ita."

Haka rigata ta tafi teku ta bar ni da akuya.

Da suka dawo Rakiya ta hana ni sakat. Wai ruwan ya haɗe da sama. Wai ta lashi ganye ta ji gishiri, hawayen tsohuwar ke nan. Wai ta zaɓi bishiyar da ta fi kowace karkacewa ta ɗaura mata rigata, don ta ga muna kama. Lawal kuwa da ya fito aiki ya ga zanen gwaggo yana kaɗawa a reshe, ya ajiye gatari ya zauna a ƙasa, sauran suka bi shi. Masunta suka jera jiragensu a bakin wurin. Ɗan kwangila ya yi ta faɗa, ya kori Lawal, ya kori Baba Isiyaka, gidajensu sun ji jiki a shekarar. Daga baya, da magana ta kai ga manyan yankin, ya matsar da gininsa gaba, inda dutse ne zalla. Abin da aka sare ya tafi. Sauran suka tsaya.

Sai da na yi gemu ina tuƙin tasi na fara ganin Masauki. Bishiyoyin gajeru ne, ba su kai yadda na gina su a kaina ba. Na yi ta leƙa rassa ina neman ratsin shuɗi, ni da shekaruna. Yau katangu da gidajen hutu sun matso kusa da wurin, amma akwai ragowar, na kuma ga jikokin masunta suna dasa ƙanana cikin taɓo.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar ta attajiri ce da ruwa ya ci gadonsa. Yanzu tsohuwar nake tunani. Tudu ya ƙi ta, Teku ya ƙi ta, kamar dai iyayenmu: a nan a ce musu Takari, in sun leƙa gida a ce musu 'yan Makka. Ba wanda ya ba ta wuri, tsayuwa ta yi har wurin ya zama ba ya yi sai da ita. Bishiyar cikin Harami tana da hukuncin Allah da ke tsare ta. Wadda ke waje ba ta da kowa sai wanda ya tuna ta taɓa miƙa masa hannu. Na kuma gane damar Kaka ta mai tattali ce, ba ta mai yawan kaya ba. Na gane, amma ban huce ba. Fansa ɗaya na iya ɗauka: na auri Rakiya, don in tabbata ba za ta ƙara zama a damar kowa ba sai tawa.

Yanzu muna unguwar Aziziyya, a bene, ba murhu sai gas. Kwanan baya jikoki suka zo, na tara su ina ba su labarin nan, rabi Hausa rabi Larabci don su gane. Na gyara murya na ce, "Ku riƙe wannan. Ba don ni na kawo itacen nan ba, da yau babu bishiya ko ɗaya a Masauki. Kakanku ne ya cece su."

Rakiya na gefe tana tsintar shinkafa. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ƙwarai, shi ya cece su, duk wadda bai samu ya ƙona ba. Amma in jarumi kuke nema a gidan nan, ku tambayi rigarsa. Ita ta je."