Bashen da Ta Ƙi Shiga Bitas na Uku

Shekarar da aka buɗe jam'iyyu muna da wata a-kori-kura, irin wadda mu a Tawa muke ce wa bashe. Ni da yayana muka gaje ta wajen mahaifinmu, shi kuma a hannun wasu Turawa masu haƙa rijiya ya saye ta. Mai sauya bitas, wato giya, da kanta ce, sai dai ka taka ta tafi. Ni nake tuƙa ta, ina kai ƴan kasuwa Barmu da Afala, da ita nake ciyar da gidana. Yaya kuwa tela ne, kuma siyasa ta shiga jininsa.

Ana tsakiyar kamfe motar ta fara yi mini wulaƙanci. Da safe lafiya lau. Rana na ɗagawa, da na kama tudu, sai injin ya yi ta kuka, bitas na uku ya ƙi shiga. Makanikan garaji ba su saba da irinta ba. Wani ya ce bwat ɗin, wato akwatin bitas, ya mutu. Wani ya ce in ɗura mata man inji. Na ce masa ya ɗura wa tasa.

Da Yaya ya ji labari, ko ɗago kai bai yi daga keken ɗinki ba.

"Wagga mota ta gama aiki," ya ce. "Ran Lahadi masu sayen ƙarhe na zuwa, saida ta za mu yi."

"Yaya, in anka saida ta, mi za ni ba ɗiyana?"

"Ka koyi ɗunki."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata sai na ga abin da ke damun motar nan, ko da haƙori zan kwance ta.

Na zaro sandar awon jan mai na bwat. Bai ragu ba, amma ya yi baƙi, yana warin ƙauri. Na aika Ƙonni aka kawo mini sabo, na wanke matacin, na daidaita wayar totur. Ta yi yini ɗaya da hankalinta, ta koma gidan jiya. Abu guda dai na riƙe: in ta huce lafiyarta ƙalau, in ta yi zafi ne take taurin kai. Allurar nuna zafi kuwa tun zamanin baba ta mutu.

A kan hanyar Bambai ta sake yi mini. Na sauke fasinja a inuwar wani gawo, na shige ƙarƙashinta. Wasu siraran bututu biyu na gani sun fito daga bwat, ba sa taɓuwa don zafi. Na bi su ina jan baya a ƙasa har gaban mota, inda suka shiga wani ɗan ƙaramin lagireto mai sanyaya man. Iska ba ta da ta inda za ta same shi. Zanen jam'iyya ne ya toshe gaban gaba ɗaya. A lokacin kowace mota a gari da nata, amma Yaya ya yi wa namu ninki biyu har da shafi, fitilu kawai ya bari.

Na kwance shi na ninke. Da ta huce muka kama tudun. Na ji ta ɗan yi shiru, sannan ta faɗa na uku. Sai da na yi kabbara, har wata tsohuwa a baya ta tambaya ko haɗari ne.

Na sami Yaya a shago cikin ƴan jam'iyyarsu, na ajiye masa zanen, na yi masa bayani.

"Ka dai sauya sheƙa," ya ce.

"Wallahi Yaya, iska kaɗai mota ka so. Bari in ɗamre shi ga baya."

"Jam'iyyarmu ba ta zama baya."

"To, ɗiyana ba su kwana da yunwa."

Ban taɓa mayar masa da magana a gaban mutane ba sai ranar.

Bai sayar da motar ba. Amma daga nan bai ƙara shigarta ba, ko gaisuwar mutuwa za mu ƙauye sai ya hau ta haya, ni ina biye da shi da kujera wayam. Abin yana yi mini ciwo har yau. Zanen dai ban mayar ba.