Ƙafar Dama ta Baba Tela

Shekara talatin da ɗaya Baba Tela yana taka keken ɗinki a wani ɗan shago a ƙarƙashin matakalar bene, kuma bai taɓa takawa da takalmi ba. Cewa yake da tafin ƙafa ake jin lafiyar keke.

Yana da shekara hamsin ciwon suga ya same shi. Ya karɓe shi yadda yake karɓar mai kaya sarkin mita: a lallaɓa shi, a sa masa rana. Idan ranar asibiti ta matso sai ya yi kwana uku ba shayi mai suga, ba lemon kwalba. A soki yatsa, lamba ta fito tsaf, a yaba masa. A hanyar gida ya tsaya ya rama. Matarsa kan ce wannan gugar gaban riga ce, baya duk a yamutse.

Wata safiya tana shara ta ga ɗigon jini daga bakin gado har ƙofa. Ta sa shi ya ɗaga ƙafa. Guntun allura ne a tafin dama, wurin ya yi baƙi yana ruwa. Bai san ranar da ya taka ba.

Likitar da suka samu a asibiti sa'ar 'yarsa ce. Ya miƙa mata katinsa da alfahari, ta duba, ta ajiye, ta ce a ɗebi jini a kwalba. Da sakamako ya fito ta yi masa bayani a hankali. Wannan gwajin, in ji ta, wata uku yake karantawa, domin suga idan ya yi yawa manne wa jini yake, ya manne wa jijiya da nama, ya sauya musu aiki. Daga nan jiki ya kunna kumburi ya kasa kashewa, abin da ya kamata ya rufe ciwo ya koma cin wurin. Ko sugan ya sauka, jiki ba ya saurin mantawa.

“To na daina, 'yata. Ko ɗanɗane.”

“Ka daina, Baba. Zai taimaki ɗaya ƙafar.”

Ya daina ɗin. Wata biyu ana wanke ciwon yana hawa, ɗaki ya ɗauki wari har jikoki suka koma gaishe shi daga ƙofa. Aka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa.

Ranar da ya koma shago, maƙwabcinsa mai gyaran agogo ya tare shi da tsiya, wai yanzu takalmi ɗaya zai riƙa saya, ya huta. Baba Tela ya yi dariya kaɗan, ya jingine sandunansa, ya zauna. Ya ɗora ta hagu ya taka. Keken ya juya baya, zare ya tsinke. Ya sake zurawa, ya sake takawa, zaren ya sake tsinkewa.

A karo na uku Baba Tela ya lashi bakin zaren, ya riƙe shi a gaban allura ya daɗe, sannan ya ce, “Maƙwabci, rufo mini ƙofar nan.”