Malam Abdulbaqi, Wanda Ya Wasa Mana Tsinke da Hannun Hagu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 14 ga Mayu, 2025, bayan Azahar, muna tsakiyar aiki a shagonmu na Sharada, Mustapha ya bugo waya ya ce mahaifinsa, Malam Abdulbaqi mai waldar agon, wato walda da iskar gas, ya cika a gidansa da ke Dakata. Muka kashe injuna. Kafin La'asar duk layin masu walda ya yi tsit.

Malam, ni ne Zakariyya, ɗaya daga cikin waɗanda kuka tsamo. Lokacin da masaƙar da muke aiki a Bompai ta rufe, na haura arba'in, ga iyali, ban san komai ba sai lura da zare. Ni da abokan aikina Lawan da Uba muka zo muku neman ko da dakon ƙarfe ne. Kuka ce idon da ke gano zaren da ya tsinke cikin dubu ya isa ya yi walda.

Amma ba ku fara ba mu walda ba. Kun zaunar da mu gaban injin wasa ƙarfe, kuka miƙa wa kowa tsinken tangistan, siririn ƙarfen nan da wutar walda ke fita ta bakinsa. Mu wasa, ku duba, ku ce a sake. Kun koya mana cewa dutsen injin ya ci tsinken bisa tsawonsa, ana murza shi a hankali tsakanin yatsu, domin in aka gicciya shi wutar yawo take yi, ta ɓata ɗinkin walda. Dutsensa daban ne, ba ya taɓa baƙin ƙarfe. Ba kuma wanda ya isa ya zauna wurin babu takunkumi da tabarau. Lawan yakan yi gunaguni cewa da furfurarsa an mai da shi mai fiƙe fensir, ku kuwa ku yi dariya ku ƙara masa wani.

Shekaru suka tafi, hannunmu ya faɗa. Sai wani kamfanin yogot a Challawa ya ba mu aikin manyan tankuna na ƙarfen da ba ya tsatsa, aiki mafi girma da ya taɓa shigowa shagon. Mun yi rabi kenan Allah ya jarrabe ku da shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama, wanda duk Sharada ta san ɗinkinsa, ya daina motsi. Mai kamfanin ya aiko da gaisuwa, ya kuma ce zai kwashe ragowar aikin ya kai wani wuri, tunda sunanku ya bi ya zo. Ban ga laifinsa ba. Mu kanmu kowa ya tuna ranar da aka rufe masaƙa.

Ana cikin haka, wata safiya adaidaita ta tsaya a ƙofar shago, Mustapha ya fito da ku a rungume. Magana na fita da ƙyar kuka ce, "Ku ne za ku yi waldar. Ni zan wasa muku."

Muka dubi juna, don yatsun hagu ba su saba da murza tsinke ba. Ashe tun kuna kwance kun gama tunani. Kuka sa aka ɗaure tsinken a bakin ƙaramin injin huda, shi ke juya shi, ku kuna kai shi ga dutse da hagu. Na farko ya ƙone, na biyu ya karkace. Gumi na zuba, Uba ya roƙe ku ku huta, kuka girgiza kai. Wanda kuka miƙo min daga baya, da na kunna wuta sai ta tsaya cak, siririya, ba rawa. Mai kamfanin da ya zo da motar kwasar kaya ya daɗe yana kallonku, sannan ya sallami direban.

Ranar gwaji aka cika tankunan da ruwa, aka matsa musu iska. Ma'aikatan kamfanin suka bi kowane ɗinki da hannu suna neman danshi. Ko ɗigo babu. Wurin ya kaure da kabbara, ku kuma kuka dafa kafaɗata kuka miƙe tsaye, karon farko tun da kuka kwanta, kuka ɗaga hannun hagu sama. Daga nan aiki ya riƙa zuwa mana daga Bompai har Kumbotso, kuma a yau kowannenmu yana da masu koyo a ƙarƙashinsa.

Da muka je gaisuwa, uwargida Hajiya Saudat ta faɗa mana wasiyyarku: kada a bar shago a rufe bayan sadakar uku, akwai masu ci daga cikinsa. Mun buɗe, Malam.

Ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Saudat, da Mustapha, da ƙanwarsa Rumaisa, da dukkan masu walda na Sharada. Allah Ya ba mu haƙuri. Ya Allah, Ka gafarta wa Malam Abdulbaqi, Ka sa jinyarsa ta zama kaffara, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka karɓi sana'ar da ya bar mana a matsayin sadaka mai gudana, Ka miƙa masa littafinsa a hannun dama. Amin.