'Yar Farin da Ban Yi wa Lamba Ba

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har da haƙora, amma ya bar mini ranar da na tambayi wata mata 'ya'yanta nawa, ta ce biyu, na rubuta biyu na hau kekena. Ku da kuke yawon rigakafi gida-gida yanzu da akwatin ƙanƙara a kafaɗa, ku matso ku ji yadda tambaya guda ta ci ran yarinya a hannuna.

Zamanin Turawa ne, bayan yaƙin duniya na biyu. Ina aiki a ƙarƙashin En'e a matsayin malamin lamba, lamba kuwa ita ce rigakafin agana. Ku ba ku ga agana ba, kada ma Allah ya nuna muku. Da rani take zuwa, ta feso wa mutum ƙuraje daga fuska har tafin ƙafa. Wanda ya tashi ya tashi da zanzana, wani da makanta, da yawa kuma ba sa tashi. Mazaunina ɗakin shan magani na Ikara, amma yawona ya kai Makarfi da Kudan da ƙauyukan da ke tsakani. A samana akwai malamin asibiti, a samansa kuma Likita Bature mai zuwa rangadi daga Zariya, wanda mutane suka laƙa wa Mai Lofe don ba ya rabuwa da lofensa na shan taba.

Maganin lamba a 'yan siraran kwalabe yake zuwa, kuma ba ya shiri da zafi. Firinjina tulu ne da jiƙaƙƙen yashi. In zan fita sai in naɗe kwalaben a jiƙaƙƙen tsumma, in yi sammako, don da rana ta take maganin ya mutu. Aikin kansa ba wuya: a goge damtsen hagu, a ɗiga magani, a ɗan karce da allura. Bayan kwana takwas a dawo a duba. In wurin ya yi ƙurji, lamba ta kama.

Da can ranar kasuwa muke tare hanya da 'yan doka, mu kama duk wanda ba shi da tabo a damtse. Sai ka ga ƙato da gemu ya watsar da damin rakensa ya faɗa gona. Wanda muka kama kuwa, yana shan kwana zai murje wurin da lemon tsami. Mata da ƙananan yara, waɗanda ciwon ya fi ci, ba ma ko ganinsu. Mai Lofe ne ya kawo sabon tsari, kuma har gobe ina cewa tsari ne mai kyau. Ya hana farautar mutane. Mai unguwa zai sa a yi shela, uwaye su kawo 'ya'yansu zaurensa, a tambayi kowace uwa yawan 'ya'yanta, a rubuta a littafi, a yi musu.

Ya ce mini da Hausarsa ta littafi, "Malam Iro, uwa ita ce ta san 'ya'yanta. Ka tambayi uwa, kada ka tambayi wani."

Na ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe."

Ku ji fa mai cewa gaskiya ne. Ni ɗan fari ne a ɗakinmu. Har Allah ya karɓi ran mahaifiyata ban taɓa jin sunana a bakinta ba, in dole ta yi maganata sai ta ce "wancan". In baƙuwa ta tambaye ta 'ya'yanta, daga ƙanena take fara lissafi. Bature bai san kunyar ɗan fari ba, ba laifinsa ba ne. Ni da na girma a cikinta na sani sarai, amma gajeren wandon kaki da fensir a kunne suka sa na ga kamar wannan zancen ƙauye ne, ba ya shiga littafin gwamnati.

Ranar da nake ba ku labari, cikin bazara ce, na je wata 'yar unguwa a bayan Kurmin Kogi. Tayar keke ta yi faci a hanya, ban isa ba sai da hantsi ya dubi ludayi, ga tsumman kwalabe ya fara bushewa. Muka gaisa da mai unguwa a gurguje, gaisuwar da ko ni na san ta yi kaɗan. A bakin zaure na tarar da ungozomar unguwar, wata tsohuwa mai suna Gwaggo Mairo, ta shimfiɗa 'yar tabarmarta.

Ta ce, "Ɗan nan, bari in zauna kusa da kai. Duk yaran nan ni na yanke musu cibiya, sai in riƙa gaya maka na wane da na wane."

Na ce, "Gwaggo, ki huta abinki. Doka ta ce uwaye za a tambaya."

Ta dube ni, ta naɗe tabarmarta. "To, Allah ya taimaki doka," in ji ta, ta tafi.

Can wajen ƙarshen layi wata mata mai suna Hansatu ta iso, mijinta ya tafi cirani. Yaro ɗaya a goye, ɗaya riƙe a hannu. Na ce, "Baiwar Allah, 'ya'yanki nawa?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ga su nan, biyu." Na rubuta, na yi musu lamba. Maimakon ta tafi sai ta koma gefe ta tsaya tana murza bakin mayafi. Ina ɗaure akwati a bayan keke ta matso, da murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Malam, ko za ka biya ta gidan Inna, can ƙetaren fadama?"

Na tambayi mai unguwa wace ce Inna, ya ce surukarta ce, tsohuwa, ta ma yi agana tun tana budurwa. Na ce, "Wadda ta yi agana ai ba ta buƙatar lamba. Rana ta yi, maganina zai lalace." Hansatu ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, sai ta dubi mazan da ke zaure, ta ja 'ya'yanta ta wuce. Mai unguwa ma hankalinsa na kan fura da ya sa a dama mini.

Bayan kwana takwas na koma dubawa. Lambar yaran Hansatu duka ta kama, na yi mata barka. Ta sake tsayawa a gefe kamar wancan karon. Na ganta da idona, wallahi na ganta, amma ina sauri in kai Nasarawan Doya kafin zafi. Sau biyu Allah ya ba ni dama.

Ba a yi wata guda ba manzon dagaci ya zo Ikara da labarin agana ta ɓulla a unguwar. Ƙa'ida ita ce a keɓe mai ciwo a bukka bayan gari, wanda ya taɓa yin ciwon ya yi jinyarsa, sauran jama'a a sake bin su da lamba. Da na isa an riga an yi bukkar. A ciki na tarar da Inna zaune tana kore wa wata yarinya ƙuda da mafici, yarinyar ba ta fi shekara bakwai ba, ƙuraje sun haɗe mata fuska har ba a gane ido. Na ɗaga damtsenta na hagu, ba tabo.

Na ce, "Inna, 'yar wa ce wannan?"

Ta ce, "Asabe ce, 'yar farin Hansatu. Tun yaye take hannuna."

"To, me ya hana ki kawo ta ranar lamba?"

"Ɗan nan, shela aka yi uwaye su kawo 'ya'yansu. Ni kaka ce. Na yi mata wanka, na zaunar da ita a ƙofar gida muna jira a aiko, har la'asar."

Ba mu da maganin agana in ta kama, sai addu'a da ruwan ɗumi. Kwana huɗu Asabe ta ƙara, Allah ya karɓi abarsa. A unguwar duka ita kaɗai ta mutu, don ita kaɗai ce yarinyar da ba a yi wa lamba ba.

Na je gaisuwa. Hansatu tana zaune a bayan mata, ba kuka, don ko a mutuwa ba ta da bakin nuna wa mutane zafin rashin 'yar fari. Na tsuguna daga nesa na ce, "Allah ya ba da haƙuri." Ta amsa. Na so in yi shiru, amma bakina ya ƙi, na ce, "Da kin gaya mini..." Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ai na ce ka biya ta gidan Inna, Malam."

Da Mai Lofe ya zo rangadi na kwashe komai na gaya masa. Ya cire lofen daga baki ya ce, "Don me uwa za ta ɓoye 'yarta?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ɓoyewa ta yi ba. Ta faɗa iyakar yadda 'yar mutunci za ta iya faɗa. Ni ne ban ji ba." Ya ce in yi yadda na ga ya dace. Ba a rage mini girma ba, ba a ko ja mini kunne ba, kuma wannan ya fi mini ciwo.

Daga ranar ban ƙara buɗe littafi a wata unguwa ba sai ungozoma tana zaune a damana. Na koma na ba Gwaggo Mairo haƙuri da goro, ta karɓa, ta ce, "Yanzu doka ta yarda ke nan?" Shela ma na sa aka sauya: duk mai yaro a hannu, nasa ko na riƙo, ya kawo shi. In uwa ta ce biyu, sai in juya in ce, "Gwaggo, ina babban?"

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. Mutanenmu ba ƙin lafiyar 'ya'yansu suke ba, amma ba komai suke iya faɗa a gaban jama'a ba. Takardar da aka ba ku daga ofis tambaya kawai ta iya, ji kuwa naku ne. In kun gama aiki kuna haɗa kaya, kuka ga mace ta tsaya a gefe ba ta tafi ba, ku sauke akwatin.

Da zan yi ritaya na nemi tsohon littafin nan. A layin Hansatu, inda na rubuta biyu, na soke na sa uku, na rubuta sunan Asabe. Gurbin da ake cikawa in lamba ta kama ne kawai ban sami abin sawa ba.