Kantar da Na Kafa a Kan Murhu

Masana tarihi suna auna darajar al'umma da ganuwarta da ɗakunan karatunta. Ni kuwa na daɗe da yanke hukunci cewa wayewar mutum tana bayyana ne a inda yake ajiye butar gahawarsa. Wannan aƙida ce ta kai ni ga abin da ba zan manta ba har in koma ga Mahaliccina.

Shekarar da na ajiye aikin koyarwa, na ga ya kamata ɗakin baƙin gidana da ke unguwar Rusaifa a Makka ya dace da mai shi. Na sa aka gina mini murhun dutse a kusurwa, irin wanda ake hura gawayi a dafa gahawa a gaban baƙi. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, wuta a ɗaki, a Makka? Wadda ke waje ba ta ishe ka ba?" Na ce mata wannan harka ce ta waɗanda suka yi karatu.

Saura kanta a saman murhun, inda za a jera butoci da finjalai. Sabon katako bai dace da ni ba. A haraj, kasuwar tsofaffin kaya, na tarar da wani katako mai kauri, baƙi, sumul, yana da ɗan gefe da ya tasa da rami guda a ƙarshensa. Mai kayan ya ce daga wani tsohon gidan mahajjata da aka rushe a unguwar Hindawiyya ya fito. Ban ƙara tambaya ba. Kafin in isa gida na gama haɗa masa tarihi: ɓangaren jirgin ruwa ne, irin wanda ya tsallako da kakanninmu Bahar Maliya, ramin nan kuma na igiya ne.

Ni da babban ɗana muka yi aikin. Muka huda dutsen, muka dasa sandunan ƙarfe, na datse katakon da zarto don ya yi wa murhun tsawo. Da zarton ya shiga sai wani ƙamshi ya ɗan taso, na sanar da cewa haka itacen Indiya yake. Hankalin yaron ba ya wurin. Akwai yarinyar da yake nema a unguwar Utaibiyya, mahaifinta kuma, wani mai shagon yadi, ya ce zai zo ranar Juma'a ya ga gidanmu kafin ya ba da amsa.

"Abuya," in ji ɗan nawa, "don Allah mu bar ɗakin nan yadda yake har su zo su tafi."

Na ce masa ai domin su nake yi.

Ranar Juma'a bayan la'asar mutumin ya iso tare da ƙanensa. Na hura gawayi, na ɗora buta, na sauko da finjalai da dabino daga kan kantar na miƙa musu da hannuna. Sannan na gyara murya na shiga tarihin jirgi. Na kai wajen tashar jiragen ruwa ta Sawakin ke nan sai zafin wutar ya ratsa katakon, ƙamshin nan ya cika ɗakin. Yanzu babu mai cewa na Indiya ne. Kafur ne, da ɗan sauran magarya. Duk wanda ya tashi a garin da ake sallar gawa bayan kusan kowace salla ya san wannan ƙamshi. Ni ma na sani. Hancina ya gane tun ranar zarto, karatuna ne ya ƙi yarda.

Baƙon ya ajiye finjalinsa a hankali. Ya miƙe, ya shafa gefen katakon, ya sa yatsa cikin ramin.

"Ustaz, daga ina ka ce?"

"Daga Hindawiyya," na ce, muryata ta koma irin ta ɗalibin da bai yi aikin gida ba.

"Ta nan ruwa yake zuba," in ji shi. Ya juya ga ƙanensa. "Ka gane shi?"

Ƙanen ya dubi dabinon da ke hannunsa, ya mayar cikin faranti. "Na gane. Ni na riƙe buta."

"A kansa muka wanke mahaifinmu, Ustaz. Duk Bahaushen da ya rasu a Hindawiyya, a kansa aka shirya shi."

 Suka yi sallama ba su taɓa abinci ba. Ɗana ya raka su ƙofa, ya dawo ya wuce ni ya shige ɗakinsa. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Washegari na ɓamɓare kantar, na nemo guntun da na datse a bayan gida, na kai su Utaibiyya. Mutumin ya daɗe yana kallon guntun. Ya ce, "Wurin ƙafafu ka yanke." Na ba shi haƙuri iyakar iyawata, karon farko a rayuwata ba tare da gabatarwa ba.

"Halas, shi ke nan, ya wuce," in ji shi. "Yaron ba shi da laifi, na ga fuskarsa. Ku turo manya. Amma Ustaz, ranar ɗaurin aure a bar wani ya yi bayani."

Haka aka yi. Abin da na koya shi ne, tsohon abu yana da aikin da ya yi kafin ya haɗu da kai, ka tambaya tukuna kafin ka ƙaga masa asali. Murhun yana nan. A ciki jikokina suke ajiye takalmansu.