Igiyar Yaya Ila da Aikin da Na Nema

Ku da kuka zauna Yakasai kun sani, ba a taɓa ganin Yaya Ila babu igiya a kafaɗarsa ba. Ranar suna da ita, ranar ɗaurin aure da ita, ko masallacin Idi sai ya naɗe ta a jakar fata ya rataya. Yasar rijiya ce sana'arsa, gado ya yi, shi ya sa babu gidan da ba a buɗe masa. Baligi ba ya wuce zaure a cikin gari, amma da Ila ya ce "Gafara dai, mai rijiya ne," sai mata su ja mayafi su ce ya shigo. Ko gaisuwar rashin lafiya ya zo, sai ya leƙa rijiyar gidan kafin ya leƙa maras lafiyar.

Tambayarsa guda ce a duniya: "Ka auna?" Ka ce masa yau ana zafi, ka auna? Ka ce farashin gero ya tashi, ka auna? Wanda ya zo neman auren 'yarsa Hauwa ya durƙusa a zaure yana rantsuwa cewa son da yake mata ba shi da iyaka, Ila ya dube shi ya ce, "Ka auna?" Bawan Allah ya yi ta zufa. An dai ba shi auren, amma sai da Ila ya je gidansu da kansa ya tabbatar suna da rijiya kuma ba su cike ta ba.

Ni taubashinsa ne. Mahaifiyata ƙanwar mahaifinsa ce, a gidansu na tashi, ya ba ni shekara goma sha biyu. Ni aka sa a boko, na yi digiri har biyu, na ƙare aikina a ofishin tsare-tsare na gwamnati. Bai taɓa kirana Nasiru ba, sai Akawu. Tunda ya riga mu gidan gaskiya, bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa ba: na yi masa hassada. Kuma da furfurata na yi ta, lokacin da ya kamata a ce na yi hankali.

Igiyar nan ba ta aiki ba ce, ta awo ce. Akwai dutse ɗaure a bakinta. Kowace shekara, ƙarshen bazara, kafin ruwan farko, sai ya zura ta a rijiyar tsakar gidanmu har dutsen ya taɓa ruwa, sannan ya ɗaura shuɗin zare daidai inda igiyar ta zo bakin rijiya. Zaren ma ba ya saye, wurin abokansa masu rini na Ƙofar Mata yake roƙo. Tun yana saurayi yake yin haka, bai tsallake shekara ko ɗaya ba, mu kuwa muna ta dariya.

Da Alhaji Sabo maƙwabcinmu ya haƙa rijiyar burtsatse ya fito da famfo waje don sadaka, kowa ya sa masa albarka ban da Ila. Ya ce shi ba zai sha ba, ruwan maƙwabta ne ake zuƙewa ta ƙarƙashin ƙasa. Alhaji ya yi fushi ya kai ƙara wurin mai unguwa. Ila ya zo da igiyarsa ya nuna zaren bara da na bana, tsakaninsu kamu guda cur.

"Alhaji, sadakarka karɓaɓɓiya ce in sha Allah," in ji shi, "amma ladan ka raba shi da Goggo Indo ta gidanmu, daga rijiyarta ya fito."

Har ya mutu, in ya je gidan Alhaji Sabo cin tuwon suna, da gorar ruwansa yake zuwa.

To, ga abin da ya haɗa mu. Bayan na yi ritaya sai na ga sanarwa cewa wata ƙungiyar ƙasashen waje tana neman ƙwararren mai ba da shawara, wanda zai binciko abin da ƙasar nan take buƙata don samun ci gaba mai ɗorewa: ruwa, muhalli, sana'o'i, duk dai. Na karanta sau uku, na ce wannan da ni ake. Ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Shekara talatin ina rubuta rahotanni manyana suna sa hannu, ina so sau ɗaya kafin in mutu in ga sunana a bangon littafi. Na ɗinka sabuwar shadda don intabiyu, alhali ta kwamfuta aka yi, daga ƙirji zuwa sama kawai ake ganina. Na gaya wa duk majalisarmu cewa aiki ya kusa zama nawa.

Sai aka ba da aikin ga wata Dakta Falmata, 'yar gidan wasu malamai 'yan asalin Barno da suka daɗe a birni, wadda na girmi babanta a makaranta. Ta yi mini kirki, ba ni da abin cewa. Ta ɗauke ni in shirya mata taron jin ra'ayin jama'a a Kano. Na karɓa, na ce ko a shafin godiya ai suna suna ne.

Na gayyato masu unguwanni, 'yan kasuwar Kurmi, malaman makaranta, shugabannin mata. Ban gayyaci Ila ba. Ranar taro ina tsaye a ƙofar otal ina karɓar baƙi sai ga shi, da rigar aikinsa mai tabon laka. Wai ya ji a gida ana cewa Akawu zai yi maganar ruwa. Na ja shi gefe na roƙe shi, don Allah don Annabi ya zauna can baya ya yi shiru, za a raba shinkafa da kaza. Ya ce to.

Na hau mumbari, majigi yana haskawa, na fara karanto alƙaluman da na kwaso daga tsofaffin fayel na ofis. Ina tsaka da bayanin cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa a birni bai canja sosai ba, sai murya ta taso daga bayan ɗaki, a hankali, irin ta mai tambayar hanya.

"Akawu, ka auna?"

Rabin ɗakin 'yan cikin gari ne, sun san zancen, dariya ta ɓarke. Na ce a yi haƙuri, ɗan'uwana ne, tsufa ne. Amma Dakta ta miƙe ta ce, "Baba, kai ka auna ne?"

Ai kamar jira yake. Ya sauke igiya ya warware ta a kan kafet ɗin otal, daga mumbari har ƙofa. Ya bi zaren ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Wannan shekarar da aka haifi Hauwa. Wannan shekarar da aka cike kududdufin bayan gidanmu aka yi shaguna, daga nan ruwan rijiya ya fara gudu, ruwan sama kuma ya fara shigowa ɗaki. Wannan shekarar burtsatsen Alhaji Sabo. Daga farko zarurrukan suna manne da juna, can gaba sai tazara ta yi ta buɗewa. Dakta Falmata, da digirinta na ƙasar waje, ta durƙusa a kafet tana ɗaukar hoto. Ni kuwa ina tsaye da sandar nuni a hannu, majigina ya gaji ya kashe kansa.

Wallahi ranar ban iya cin kazar ba.

Daga nan aiki ya juye. Ma'aikatan da ta ɗauko masu bi gida-gida da tambayoyi rubuce a waya, maza ne yawancinsu, a zaure ake tsayar da su maigida ya ce komai lafiya. Ila kuwa sai ya yi gaba da "Gafara dai, mai rijiya ne," Dakta tana biye da shi har tsakar gida, mata suna zazzage mata abin da ke cikinsu. Ya zaga da ita Jakara, ya nuna mata duk inda kududdufi yake a da, yanzu bene ne a kai. Motar ƙungiya mai sanyi ta riƙa tsayawa a bakin lungunmu da safe, direba ya tambayi gidan Malam Ila. Ni ina zaune a dakali da jarida, sai dai a ɗaga mini hannu.

Da aka zo babban taro na ƙasa a Abuja, aka ce sai an je da igiyar. Ya ce igiyarsa ba ta tafiya ba shi, shi kuma ba ya tafiya ba Akawu, don shi ba ya jin Turanci. Haka na shiga jirgi da jakar igiya a cinyata. A ƙofar taro aka rataya mana kati a wuya. Na karanta nasa, an rubuta masani. Na karanta nawa, an rubuta mai rakiya. Da azahar muka neme shi muka rasa, sai can aka gano shi a bakin wurin ninƙaya na otal, ya zura igiya, masu gadi sun kewaye shi. Ya ce musu zurfin kududdufinsu bai kai ko gaba guda ba, kuma ruwan da ko kwaɗo ya ƙi shi bai ga amfaninsa ba. Manyan baƙi suka yi ta dariya suna neman hoto da shi. Ni ne mai ɗaukar hoton.

Da muka dawo na ɗauke masa ƙafa. Ina gaishe shi a masallaci, shi ke nan. In an kawo zancen igiya a majalisa sai in ce ai kowa ma zai iya ɗaura zare.

Bazarar da ta biyo baya ciwo ya kwantar da shi, hannunsa na dama ya daina riƙo. Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Hauwa ta zo har gida ta ce babanta yana kirana, wai in zo in zura masa igiya kafin ruwa ya sauka. Kun san abin da na ce? Na ce ta gaya masa ya kira Dakta, ni ai mai rakiya ne. Na yi niyyar in je bayan kwana biyu, in ya ɗan ji a jikinsa. Washegari aka yi ruwan farko kamar da bakin ƙwarya. Bayan kwana tara muka kai shi makwancinsa.

Rahoton ya fito bayan wata huɗu. Dakta ta kawo mini da kanta. Ko kunya ban ji ba, a gabanta na fara buɗe shafin godiya. Sunana yana nan, layi na kusa da ƙarshe. Hoton igiyarsa ne a bango.

Sai ta fita mota ta dawo da jakar fatar. Ta ce ta nemi ya ba su igiyar a ajiye ta a gilashi, ya ƙi, ya ce igiyar da ba ta shiga rijiya ta mutu. Ta je duba shi kwana uku kafin rasuwarsa, ya ba ta amana ta kawo mini, amma sai bayan rahoto ya fito, don ya san kafin nan ba zan saurara ba. Na ce mata anya, ya gaya mata abin da na yi masa kuwa?

"Ya gaya mini, Baba," in ji ta. "Cewa ya yi, Akawu ne kaɗai zai iya, don ba ya ƙarya a rubutu. Hassada ce kawai take damunsa, ita ma na auna ta, ba ta da zurfi."

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Abin da na yi a ciki ba na majalisa ba ne.

Bazara uku ke nan ina zura igiyar, ina zuwa Ƙofar Mata roƙon zare kamar yadda yake yi, masu rini suna ce mini Akawun Ila. Amma tsakanin zarensa na ƙarshe da nawa na farko akwai shekara guda da ba ta da zare. Hauwa ta ce in ƙiyasta in ɗaura, babu wanda zai sani. Na ce a'a, ban auna ba.

Allah Ka jiƙan Yaya Ila. Ya shekara hamsin yana shiga duhun rami don mutane su sha ruwa mai kyau, Ka haskaka masa nasa, Ka yalwata shi, Ka shayar da shi daga tafkin Manzonka. Ni kuma Ka yafe mini shekarar nan guda.