Da hannuna na goge iyakar gonar Inna

Malam Edita, ina roƙon ka sakaya sunana, domin waɗanda abin ya shafa suna raye, kuma har yau ba su tona mini asiri ba. Lokacin da abin ya faru ina da shekara ashirin da biyar, ban daɗe da gama difloma a fannin kwamfuta ba, ina aiki a wani shagon buga takardu a Gusau, ina zaune a Damba wajen mahaifiyata. Kaf danginmu ni kaɗai na yi wannan karatu, saboda haka wayar kowa ta samu matsala sai a ce a kai wa Injiniya. Da wasa suka laƙaba mini sunan, ni kuwa na ɗauke shi da gaske. Kaina ya kumbura, bakina ya daina iya cewa ban sani ba, kuma duk wanda ya yi mini gyara sai mun yi kwana biyu ba ma ga maciji.

Ina da kawu a Tsafe, ƙanin mahaifiyata, tsohon malamin gona. Tun kafin rashin tsaro ya tashi mutanen ƙauyenmu ya tsiri wata ɗabi'a da ake yi masa dariya a kanta. Sai ya ɗauki dattijo su zagaya gona, yana ɗaukarsa bidiyo da waya, dattijon yana nuna iyaka da sandarsa: daga wannan aduwa zuwa wancan suri, a bi layin gamba har bakin rafi. A wajenmu ba a rubuta iyakar gona a takarda, tana bakin tsofaffi ne da jikin itatuwa. Kawu ya tara waɗannan bidiyoyi a kwamfutarsa ta tebur. Da aka watse aka bar gonakin shekaru, wuta ta cinye gamba, aka sare itatuwa, tsofaffin kuma suka riga mu gidan gaskiya ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka fara komawa noma, masu dariyar nan su ne suka riƙa sallama a ƙofar gidansa.

Cikin masu jiran bidiyon akwai Inna, matar babban wan mahaifiyata. Mijinta ya rasu, tana zaune a Bungudu da marayu huɗu, kuma gonar nan ita ce abincinsu. 'Ya'yan maƙwabcin gonarta sun ce ɓangaren da ke bakin rafi, inda take shuka shinkafa, nasu ne. Ba mugayen mutane ba ne, su ma ba su sani ba. Mai gari ya sa ranar Alhamis, kowane ɓangare ya yarda cewa abin da dattijon ya nuna a bidiyo shi za a bi. Ana saura kwana biyar kwamfutar Kawu ta ƙi tashi. Ya kira ni ya ce yana so in raka shi ya kai wa mutumin da ya haɗa masa ita a Gusau. Wallahi sai na ji kamar ya zage ni. Na ce ina raye za a kai wa bare? Washegari da hantsi na hau mota zuwa Tsafe.

Mutumin nan ya yi aikinsa tsaf. Kwamfutar tana da faifan ajiya biyu a ciki, ɗaya na manhajar da ke tayar da ita, ɗaya na bidiyoyin. Ya yi wa na manhajar kwafi a wani faifai na waje, ya kuma haɗa filashin ceto, wato wanda ake tayar da kwamfuta da shi idan ta kasa tashi da kanta, a mayar mata da kwafin. Ya sa su a ambulan, ya rubuta a bayanta cewa a buɗe kwamfutar a cire wayar faifan bidiyo kafin a mayar da komai. Kawu ya sa tabarau ya karanta mini har sau biyu. Na ce masa wannan gargaɗi na 'yan koyo ne, ya kwantar da hankalinsa.

Da farko filashin ya ƙi tashi, na shiga saitin kwamfutar na sa ta fara da shi, ya tashi. Sai kuma ya ƙi ganin faifan waje, na canza masa kafa zuwa ta baya, ya gani. Kawu yana gefe yana ta sa mini albarka, ni kuwa ina ƙara hura hanci. Sai aka zo inda za a zaɓi faifan da za a zuba kwafin a kansa. Faifai biyu suka bayyana, kamfani ɗaya, girma ɗaya. Na san a kullum na manhaja shi ne mai harafin C, don haka na danna shi. Abin da ban sani ba, kuma girman kai ya hana ni tambaya, shi ne idan aka tashi da filashin ceto haruffan nan suna iya sauya wuri. Gargaɗi ya fito cewa duk abin da ke kan faifan zai goge. Ana kiran sallar azahar na danna na amince, na tashi na yi alwala.

Bayan la'asar kwamfutar ta tashi lafiya lau. Kawu har da kabbara. Na buɗe ɗaya faifan in nuna masa bidiyoyinsa, sai na tarar da tarkacen tsohuwar manhajar da ta lalace. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Nan take na gane a kan faifan bidiyon na zuba kwafin, na goge su. A nan ne na yi laifin da ya fi na farko muni. Maimakon in kashe ta in faɗi gaskiya, sai na ce wa Kawu bidiyoyin suna nan, faifan ne yake buƙatar ɗan gyara, zan dawo ranar Talata. Na bar ta a kunne na gudo Gusau. Kwana biyu ina ƙunshe a ɗaki, shi kuwa Kawu bawan Allah yana can yana ta aiki da ita.

Ranar Talata mahaifiyata ta tsare ni, na fashe da kuka na faɗa mata. Ba ta zage ni ba, ta ce in ɗauki mayafina mu tafi Tsafe yanzun nan. Da na gaya wa Kawu na yi fatan ya mare ni, amma sai ya tashi ya naɗe kwamfutar a zane, muka kai ta Gusau wajen wanda ya haɗa ta. Mutumin da na raina ɗin nan bai yi mini gori ba. Tambaya ɗaya ya yi: kwana nawa ta yi tana aiki bayan kuskuren? Da na faɗa masa ya girgiza kai, ya ce da a ranar aka kashe ta aka kawo, da akwai fatan ceto da yawa, amma duk aikin da aka yi da ita tun daga lokacin a kan ragowar bidiyoyin yake hawa. Ya wuni yana tono. Bidiyon gonar Inna ya fito, amma farkonsa kawai: ga dattijon tsaye gindin aduwa, ya yi bisimilla, ya ɗaga sandarsa zai nuna, sai hoton ya daskare.

Ranar Alhamis mai gari bai da abin yi illa ya raba wurin da ake jayayya gida biyu, kuma rabon Inna bai kai bakin rafi ba. Kawu ya gaya wa taron cewa kwamfuta ce ta lalace, bai ambaci sunana ba. Na je Bungudu na durƙusa gaban Inna na gaya mata komai. Ta ɗago ni ta ce abin da ba rabonka ba ko a bakinka yake sai ya faɗi, in daina kuka kada kaina ya yi ciwo. Wallahi da ta tsine mini da ya fi mini sauƙi.

Ina kira ga masu ɗan sani irina, domin ƙaramin sani ƙunƙumi ne. Idan wanda ya fi ku ya bar gargaɗi, ku bi shi. Kafin ku mayar da kwafi, ku cire duk faifan da ba shi ake nufi ba, kada ku amince da harafi. Abin da ba shi da madadi ku ajiye shi wuri biyu. In kuma kun yi ɓarna, ku kashe na'urar ku faɗa a take, don kuskurena ya bar ƙofar gyara, ƙaryata ce ta rufe ta. Na hana kowa kira na Injiniya. Inna ba ta ƙara noman shinkafa ba, gyaɗa take shukawa a tudun da ya rage mata, kuma duk kaka sai ta aiko mini da kwano biyu, ta ce a kai wa 'yarta ta Gusau. Har yau ban iya cin ko ƙwaya ɗaya ba.